Tsufan Ido da Tarihin Tabarau





Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijon malami ya san wani abu da yakan yi idan aka miƙa masa takarda. Yakan karɓa ya kawo ta kusa da fuskarsa, sai ya ga baƙaƙen sun cuɗe da juna, daga nan ya riƙa janye ta sannu-sannu har hannunsa ya miƙe sarai. Idan abin ya faskara ya tashi ya koma bakin zaure inda haske ya fi yawa, idan nan ma bai yiwu ba ya kira almajiri ya karanta masa. Haka tela yake miƙa wa yaronsa allura ya zura masa zare, haka kuma tsohuwa take kiran jikarta ta tsince mata tsakuwa daga cikin shinkafa. Mutanen nan uku suna iya hango raƙumi daga nesa su faɗi ko na wane ne. Abin da ke tafin hannunsu shi ne ya gagare su.

Likitocin ido suna kiran wannan hali firesbiyofiya, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu nufin tsoho da ido. Mu a nan za mu kira shi ganin tsufa. Yana kama duk wanda Allah ya ja kwanansa ya haye arba'in, sarki ne ko talaka. Manufata a wannan lacca ita ce in bi tarihin yadda 'yan Adam suka yi fama da shi, domin in nuna cewa wannan ɗan rauni ya daɗe yana raba masu ilmi da masu sana'a da aikinsu daidai lokacin da suka ƙware, kuma ko da yake an sami maganinsa fiye da shekara ɗari bakwai da suka wuce, har yau da sauran aiki wajen isar da shi ga masu bukata.

Abin da ke faruwa a cikin ido

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Haske yakan shiga ido ta gaba, ya ratsa baƙin ido, ya bi ta wani ɗan madubi garai-garai mai siffar ƙwayar wake da ke bayansa, sa'an nan ya taru a kan wani tantani da ke shimfiɗe a bangon ido na baya. A kan tantanin nan ne surar abin da ake kallo take fita. Idan mutum yana duban nesa, madubin cikin ido yakan kasance a baje. Idan ya juyo ga abin da ke kusa, sai wata tsoka mai kama da zobe da ke kewaye da shi ta tsuke, zaruruwan da ke riƙe da madubin su saki, shi kuwa ya dunƙule ya ƙara tudu, ya tattara hasken a inda ya dace.

To, madubin nan ba ya zubar da tsofaffin ƙwayoyinsa kamar yadda fata take yi. Sababbi suna hawa kan tsofaffi kamar ɓawon albasa, tun mutum yana cikin mahaifa har ya koma ga Allah. Saboda haka kullum yana ƙara kauri da tauri, har ya kai tsoka ta tsuke amma shi ya ƙi dunƙulewa. Bisa awon da likitan nan na ƙasar Holan, Franciscus Donders, ya wallafa a 1864, yaro ɗan shekara 10 mai lafiyar ido yana iya ganin rubutu sarai daga nisan santimita 7. Ɗan shekara 20 sai daga santimita 10, ɗan 30 daga 14, ɗan 40 daga 22, ɗan 50 daga 40, ɗan 60 kuwa sai an kai takardar kimanin mita guda. Watau abin yana tafiya ne tun daga ƙuruciya, ba a dai lura da shi sai ya ƙetare nisan da ake riƙe littafi, wanda yake tsakanin santimita 30 da 40. Wannan kuwa yakan faɗo tsakanin shekara 40 da 45. Bugu da ƙari, baƙin ido yakan ƙanƙance, madubin kuma ya ɗan yi rawaya, ta yadda hasken da ke isa tantanin ɗan shekara 60 bai wuce kimanin sulusin wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Dalilin komawar malam bakin zaure ke nan.

Zamanin da babu tabarau

Mutanen dā sun lura da wannan hali. A rubuce-rubucen da ake jingina wa Aristotal an tattauna dalilin da ya sa tsoho yake nisanta abu daga idonsa kafin ya gan shi. Seneca na Rum, wanda ya mutu a shekara ta 65 Miladiyya, ya ambata cewa ƙananan haruffa sukan yi girma su fito fili idan aka dube su ta cikin ƙwallon gilashi da aka cika da ruwa. Amma ba wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu ya fitar da magani. Mai hali yakan sa bawa ko ɗalibi ya karanta masa, ya kuma yi shifta a rubuta. Marar hali, irin su mai kwafar littattafai da maƙerin zinariya da masaƙi, yakan ajiye sana'a. Waɗanda suka tsira su ne masu gajeren gani tun ƙuruciya, waɗanda nesa take yi musu hazo, domin su idonsu daman a kan kusa yake, ko sun tsufa suna iya karatu.

Babban abin da ya tare hanya shi ne kuskuren fahimtar yadda gani yake aukuwa. Uƙulidis da Badalimus sun tafi a kan cewa wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Wanda ya rushe wannan ra'ayi da hujja da gwaji shi ne Alhasan ibn Alhaisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir, mai maƙala bakwai, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya tabbatar cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido. A maƙala ta bakwai ya yi bayanin yadda haske yake karkata idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, da yadda hakan yake sa a ga abu ya ƙara girma. Masu tarihin rayuwarsa sun ruwaito cewa a Alƙahira da kwafar littattafan lissafi yake ci, yana rubuta na Uƙulidis da na Badalimus kowace shekara yana sayarwa. Ashe ke nan shi kansa da ganin kusa yake neman abinci.

An fassara Kitabul Manazir zuwa Latin wajen shekara ta 1200, ya zama tushen nazarin haske a Turai. Roger Bacon na Ingila, wanda ya sha daga wannan littafi, ya rubuta wa Fafaroma a 1267 cewa idan aka ɗora yankin ƙwallon gilashi a kan rubutu, haruffa za su ƙara girma, kuma wannan zai amfani tsofaffi da masu raunin ido. Irin wannan dutsen karatu akan ja shi ne a kan takarda layi bayan layi. Yana taimakon mai karatu, amma ba ya taimakon mai rubutu ko mai ɗinki, domin shi yana bukatar fili tsakanin idonsa da hannunsa.

Italiya, wajen 1286

A ranar 23 ga Fabrairu, 1306, wani mai wa'azin Kirista ɗan ɗariƙar Dominik, Giordano mutumin Fisa, ya hau mumbari a majami'ar Santa Maria Novella da ke birnin Fulorans. Cikin wa'azinsa ya ambata cewa ba a cika shekara ashirin ba da gano sana'ar yin tabarau, ya ƙidaya ta cikin sana'o'in da suka fi amfani a duniya, ya kuma ce an ga wanda ya fara yi, an yi magana da shi. Daga wannan wa'azi ne masana tarihi suka ƙiyasta shekarar 1286. Sai dai bai faɗi sunan mutumin ba.

Littafin tarihin gidan ibada na Santa Caterina da ke Fisa ya ƙara mana bayani. Ya ambaci wani ɗan gidan mai suna Alessandro della Spina, wanda ya mutu a 1313, gwanin hannu ne da duk abin da ya gani an ƙera yakan iya ƙera irinsa. Littafin ya ce wanda ya fara yin tabarau ya ƙi bayyana asirinsa ga kowa, sai Spina ya gano yadda ake yi, ya yi, ya koya wa mutane da zuciya ɗaya. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan labari, za mu komo gare shi. A 1684 wani marubucin Fulorans, Leopoldo del Migliore, ya yi da'awar ya ga rubutun kabarin wani Salvino degli Armati da ke cewa shi ne ya ƙago tabarau. An yi ta kwafar wannan suna daga littafi zuwa littafi fiye da shekara ɗari biyu, har aka kafa masa allon tunawa, sai a 1920 Isidoro del Lungo ya nuna cewa ƙage ne. Wannan darasi ne ga ɗaliban tarihi: yawan maimaita magana ba ya mai da ita hujja.

Abin da babu shakka a kansa shi ne yadda sana'ar ta kafu da sauri. A 1300 dokokin ƙungiyar masu sassaƙa farin dutse mai garai-garai a birnin Benis sun hana a yi faifan ido da gilashi a sayar da sunan na dutse ne. A 1301 aka halatta yin na gilashi domin karatu. Ba a yi wa abu dokar hana algus sai yana da kasuwa. Tabarau na farko gilasai biyu ne masu tudu a tsakiya, kowanne cikin zoben itace ko ƙashi ko ƙaho, an haɗa mariƙansu da ƙusa. Akan riƙe shi da hannu ko a maƙala shi a karan hanci. A 1953 an tono irinsa a ƙarƙashin katakon daɓen wani gidan ibada na mata a Wienhausen ta ƙasar Jamus. Ƙafafun da muke ratayawa a kunne ba su zo ba sai wajen 1730 a Landan.

A 1352 mai zane Tommaso da Modena ya zana surar babban malamin Kirista Hugh na Saint-Cher a bangon wani gidan ibada a Tirebiso, yana rubutu sanye da tabarau. Hugh kuwa ya mutu tun 1263, kafin a ƙago abin. Mai zanen ya sa masa ne domin a lokacin tabarau ya riga ya zama alamar malanta. Shi ma mashahurin mawaƙin Italiya, Petrarca, wanda ya mutu a 1374, ya rubuta cewa ganinsa ya kasance mai kaifi har ya haye sittin, daga nan ya koma ga tabarau ba da son ransa ba.

Yaɗuwarsa da abin da ya haifar

Bayan da Gutenberg ya fito da injin ɗab'i a birnin Mainz wajen 1450, littattafai suka yawaita, masu karatu suka ƙaru, bukatar tabarau ta haɓaka. Wasiƙun fadar Milan, waɗanda masanin tarihi Vincent Ilardi ya yi nazarinsu, sun nuna inda sana'ar ta kai. A 1462 sarkin Milan, Francesco Sforza, ya aika Fulorans a yo masa dozin uku, daga ciki har da na samari masu gajeren gani, watau masu kwarmi a tsakiya. A 1466 ɗansa Galeazzo Maria ya nemi guda 200, an rarraba su bisa shekarun masu sawa, daga 'yan 30 zuwa 'yan 70, biyar-biyar. Wannan ya nuna masu sana'ar sun gane da gwaji cewa ido yana raunana mataki-mataki, shekara ɗari huɗu kafin Donders ya auna matakan.

Fatake suka kai shi ƙasashen Musulmi da gabashin duniya. Shaihin mawaƙin Farisanci Abdurrahman Jami, wanda ya rasu a Herat a 1492, ya koka a wata doguwar waƙarsa cewa idanunsa sun daina yi masa aiki sai da gilashin Turawa. Mu ma a Hausa, ban da tabarau, muna da tsohuwar kalma manzari, wadda ta fito daga tushen Larabci ɗaya da sunan littafin Ibn Alhaisam.

Masanin tarihin tattalin arziki David Landes, a littafinsa na 1998, ya tafi a kan cewa tabarau ya ninka shekarun aikin gwanayen sana'a har da ɗoriya, kuma yana cikin abubuwan da suka ba Turai rinjaye a aikin ƙira mai laushi irin na agogo. Mai yiwuwa ne a ga ya zafafa, domin rinjayen ƙasashe ba ya rataya a kan dalili guda. Amma lissafin a fili yake. Wanda ya gama koyo ya ƙware a shekara 25, ido ya tsai da shi a 45, ya yi aikin shekara 20. Idan gilashi ya kai shi 65, ya yi 40, kuma ashirin ɗin ƙarshe su ne na cikar gwaninta da tarbiyyar almajirai. Haka kuma daga shagon mai tabarau ne madubin hangen nesa ya fito. Hans Lipperhey na garin Middelburg a Holan, wanda ya nemi a yi masa rajistarsa a 1608, sana'arsa ke nan, kuma a shekarar da ta biyo Galileo ya ƙera nasa ya juya shi sama.

Bayani ya zo daga baya

Abin mamaki a wannan tarihi shi ne an shekara fiye da ɗari uku ana sa tabarau kafin a san dalilin da ya sa yake aiki. Likitoci, bisa koyarwar Jalinusa, sun ɗauka madubin cikin ido shi ne gurbin da gani yake aukuwa, Ibn Alhaisam ma a kan haka ya tsaya. Sai a 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa aikin madubin tattara haske ne kawai, sura kuwa a kan tantanin baya take fita, a kife. Da wannan ya bayyana yadda gilashi mai tudu yake taimakon tsoho, mai kwarmi kuma yake taimakon mai gajeren gani. A 1801 Thomas Young na Ingila ya yi gwaje-gwaje a kan idonsa, har da nutsar da gabansa cikin ruwa, ya tabbatar cewa madubin ne yake sauya siffa. A 1855 Hermann von Helmholtz na Jamus ya bayyana aikin tsokar nan mai kama da zobe. Donders kuma ya rarrabe ganin tsufa da sauran lahanin gani da ake haihuwar mutum da su, ya mai da zaɓen tabarau ilmi mai ƙa'ida. A tsakanin nan Benjamin Franklin na Amurka, cikin wasiƙunsa na 1784 da 1785, ya ba da labarin tabaransa mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu.

Abin da tabarau ba ya magancewa

Wajibi ne in yi gargaɗi a nan, domin tsufa yana zuwar wa ido da wasu abubuwan da gilashin karatu ba ya kawar da su. Madubin da ya yi tauri yana iya dusashewa ya zama yanar ido. Wani lokaci akan ga tsoho ya ajiye tabarau ya koma karatu da idonsa, iyali su yi murna su ce gani ya dawo, alhali farkon yana ce ta sauya ƙarfin madubin. Tsohuwar hanyar magance yana ita ce a soka allura a ture madubin ya faɗa cikin ido, kuma takan bar mutane da yawa cikin makanta. Ammar ibn Ali Almausili, wanda ya yi aiki a Masar wajen shekara ta 1000, ya bayyana yadda yake tsotse yana mai taushi da allura mai rami. Jacques Daviel na Faransa ya fara fitar da madubin ta hanyar tiyata a 1747, Harold Ridley kuma ya fara dasa madubin roba a cikin ido a Landan a 1949. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Na biyunta shi ne hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Saboda haka ranar da mutum ya fara nisanta takarda ita ce ranar da ya kamata a duba masa idon baki ɗaya, kada ya tsaya ga gwada gilashi a tiren kasuwa kawai.

Kammalawa

Bari mu koma kan ganin tsufa mu rufe. Masana sun ƙiyasta cewa a 2015 mutum biliyan 1.8 ne suke da shi a duniya, daga cikinsu miliyan 826 ba su da tabarau ko kuwa wanda suke da shi bai dace da idonsu ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo wannan adadi a rahotonta na 2019. Yawancinsu mazauna karkara ne a ƙasashe matalauta. A 2018 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Assam ta ƙasar Indiya a kan masu tsinkar ganyen shayi 751 da suka kai shekara 40. Waɗanda aka ba tabaran karatu, abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kimanin kashi 22 cikin ɗari a kan na waɗanda ba a ba su ba. Waɗannan mutane aikin hannu suke yi, ba karatu ba, wanda ya nuna kuskuren masu ɗaukar tabarau a matsayin kayan 'yan boko ko na ƙawa.

Idan muka dubi garuruwanmu za mu ga irinsu: alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka wanda ya daina iya sa wasali da ɗigo, mai aikin aska takwas a babbar riga, mai ɗinkin hula, baduku, ungozoma, da mai sayar da magani da ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalba. Kowane ɗayansu ya ajiye aiki, al'umma ta yi hasarar shekara ashirin na gwaninta, alhali abin da zai mai da shi bakin aikinsa bai kai kuɗin takalmi ba.

Na ce za mu komo ga labarin Fisa. Wanda ya ƙago tabarau ya ɓoye iliminsa, sunansa ya ɓace. Wanda ya koya ya bayar shi ne muke ambata yau bayan shekara ɗari bakwai. Ƙirƙira an gama ta, bayani ma an gama shi, abin da ya rage shi ne aikin Spina. Ina kira ga hukumomin lafiya da su sa awon ganin kusa cikin ayyukan ƙananan asibitocin karkara. Ku kuma ɗalibai, idan kun koma gida hutu, ku lura da hannun mahaifinku idan ya karɓi takarda, da na mahaifiyarku idan ta ɗauki allura. Idan kun ga hannun yana miƙewa, ku kai su a duba.

 Allah ya ƙara mana lafiyar ido da basira.